Ƙwaryar Fura a Zauren Malam Altine

Ranar kasuwar Dungas ce, kuma ita ce ranar da wandon Ubaidullah ya zaɓa ya tona masa asiri.

Tun daga Yamai ya taho da wandon nan lafiya lau, kwana biyu a mota bai yi masa gardama ba. Sai da ya ɗaga ƙafa zai hau kabu-kabun da zai ƙarasa da shi garinsu Mallawa, sai ji aka yi ɓarrr, wando ya rabe tun daga baya har gwiwa. Mai kabu-kabun ya kau da kai yana cizon leɓe, ya nuna masa wata rumfa a ƙofar wani gida, can bayan tasha.

Da jaka ya rufe bayansa, ya tafi a karkace kamar ƙaguwa.

"Salamu alaikum. Don Allah tela nake nema."

"Ga ta a gabanka," in ji budurwar da ke kan keken ɗinki, ba ta ko ɗago ba. "Me za a ɗinka?"

Ya rasa ta inda zai fara, sai kawai ya ɗan juya. Ta ɗago, ta gani, ta ja hijabi ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa.

"Ai ba a ɗinka wando da mutum a ciki, malam. Ungo zanen Innata, shiga zaure ka ɗaura."

Haka Ubaidullah ɗan Mallawa, wanda duk yankin ake nuna shi da yatsa saboda karatu, ya zauna a kan benci da zanen atamfa mai hoton kaji, yana kallon ƙasa. Ita kuwa Salima tana taka keke tana satar kallonsa, har idonta ya faɗa kan tambarin da ke jikin jakarsa. Ƙafarta ta tsaya.

"Au. Ashe ɗan kwankur ne."

Sai an ɗan tsaya a nan. Akwai wata babbar makaranta a Yamai wadda ba a shiga sai an ci kwankur, wato jarrabawar da dubbai ke zaunawa a ɗauki 'yan kaɗan. Mutanen Dungas ba su damu da sunanta na Faransanci ba, duk wanda ya shige ta sunansa ɗan kwankur. Kuma sun gama yanke musu hukunci tun tuni. Wai ba sa tsugunawa gaisuwa don kada wando ya yamutse. Wai ba sa shan ruwa sai na roba, ba sa cin tuwo sai da cokali, magana ma ta hanci suke yi. Wai a Yamai suke aure, kuma ba sa dawowa gida sai an buga musu waya an ce an yi rasuwa. Ni dai ban ce duka gaskiya ne ba, ban kuma ce duka sharri ne ba.

"Ɗan kwankur ne," in ji Ubaidu, "amma kin ga yau zane ne a jikina. A yi mini sassauci."

Dariya ta ƙwace mata. Ta gama ɗinkin, ta ƙi karɓar komai, ta ce kallon da ta yi ya ishe ta lada. Shi kuma ya ce to a ba shi lamba, ko wandon zai sake. Ta ce ɗinkinta ba ya sakewa. Amma ta ba shi.

Kafin ya isa Mallawa saƙo ya shigo wayarta.

"Telata, wando ya iso lafiya. Mai wandon ne bai iso duka ba, wani abu nasa ya tsaya a rumfarki."

Ta karanta sau uku, sannan ta amsa.

"Mai Zane, na share rumfa ban ga komai ba sai ƙyallaye. In naka ne ka zo da shaida."

Da wannan sunan ta ajiye lambarsa, kuma har yau ba ta canza ba.

Hutun daminar nan, hanyar Mallawa zuwa Dungas ta san Ubaidu. Da safe yana gonar mahaifinsa, ranar kasuwa kuwa ya wanke laka ya taho da dalili. Yau maɓalli ya cire, gobe aljihu ya huje. Salima ta gane da hannunsa yake tsinke su, ta ƙyale shi. Yana zaune a benci yana ba ta labarin Yamai, da gada, da kogin da ba ya ƙafewa, ita kuma tana gyara masa Hausa in ya sako Faransanci a tsakiya. Ta so shi ƙwarai, kuma tun a lokacin tsoro ya fara kama ta, domin ta san gidansu.

Wata guda da rabi ana haka, mahaifinta Malam Altine ya ce a gaya wa mai yawan tsinkewar maɓallin nan ya zo ya gan shi.

Ubaidu ya zo da la'asar cikin babbar riga. Tun daga bakin rumfa ya tuɓe takalmi, ya shiga zaure ya tsuguna, ya yi gaisuwa irin wadda kakarsa ta koya masa, bai ɗaga ido ba. Malam Altine dattijo ne siriri, manomi, mai awaki goma sha wani abu, ba ya son dogon zance. Ya tambayi sunan ubansa da na kakansa, ya gyaɗa kai. Sannan ya miƙa hannu bayansa ya jawo ƙwaryar fura, ya buɗe faifai, ya tura masa gaba. Ya koma ya jingina da bango yana kallonsa.

To, kowa ya san mai neman aure ba ya ci ba ya sha a gaban uban yarinya. Kunya ce, kuma da ita ake gane ɗan mutunci. Ubaidu ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba, na ƙoshi."

"Ka ƙoshi."

"Na ƙoshi, Baba."

Dattijon ya mayar da faifai ya rufe ƙwarya. "To, madalla. Ka gai da gida."

Ubaidu ya fito yana murna, a ganinsa ya ci wannan kwankur ɗin ma. Ko tasha bai kai ba saƙon Salima ya same shi.

"Mai Zane, me ka yi? Baba ya shigo yana cewa dama ya sani, ɗan kwankur ba zai sha furar da aka dama da ruwan rijiyarmu ba. Ya ce ƙyama ka yi."

Ya tsaya a tsakiyar hanya ya kira ta. "Wallahi kunya ce, Salima! Wane ɗan halak ne zai sha fura a gaban surukinsa?"

"Na sani. Da ɗan gidan maƙwabta ne ya ƙi sha, Baba cewa zai yi yaro mai kunya. Amma kai ba haka yake ganinka ba."

"To me na yi masa?"

Sai ta ba shi labarin da ba a yi a gidansu da ƙarfi.

Salima tana da wa, Labaran. Shi ne ɗan Dungas na farko da ya ci kwankur, ranar har guɗa aka yi a unguwa. A shekararsa ta biyu Malam Altine ya kasa haƙuri da kewa, ya sa matarsa Inna Ɗela ta yi dakan fura ta busar, ya ɗaure a buhu da ƙuli-ƙuli, ya hau mota, tafiyar da bai taɓa yin irinta ba. Ya isa ƙofar makarantar da buhu a ka, ya hango ɗansa cikin abokai, ya ɗaga hannu yana kiran sunansa. Wani ya tambayi Labaran da Hausa wane ne wannan. Labaran ya ce, "Wani tsoho ne ɗan garinmu, saƙo aka ba shi."

Dattijon ya ji da kunnensa. Ya sauke buhun a ƙasa, ya ce, "Ga saƙon," ya juya tasha.

"Shekara takwas ke nan," in ji Salima. "Yaya Labaran ya gama, yana aiki a can, bai sake taka Dungas ba. Sai dai saƙo a wayata jefi-jefi. Kuma duk wanda ya turo, Baba sai ya zaunar da ni na karanta masa da ƙarfi, har sau biyu, alhali ya rantse ba ya son jin sunansa."

Jikin Ubaidu ya yi sanyi, kuma ba tausayin tsohon kaɗai ne ya sanyaya shi ba. Amma bai ce komai ba.

Bayan sati biyu ya roƙi a ba shi dama ya sake zuwa. Ya kwana biyu yana shawara da zuciyarsa, ya yanke cewa tunda ƙin sha ne ya ɓata, sha ne zai gyara. Malam Altine ya sake turo ƙwarya, ya sake jingina yana kallo. Ubaidu ya ce bismillah, ya ajiye ludayi gefe, ya ɗaga ƙwaryar da hannu biyu. Bai sauke ba sai da ya ga gindinta. Don ya ƙara nuna gaskiyarsa, har da cewa, "Kai, Baba, furar gidan nan babu irinta."

Dattijon ya dube shi, ya dubi ƙwarya.

"A can makarantar taku haka ake koya muku? Ka zauna gaban uban yarinya ka kafa kai kamar maraƙi?"

"Baba, na ga wancan karon..."

"Wancan karon ka raina mu. Wannan karon ka nuna mana ba ka da kunya. Tashi, samari, rana tana yi maka."

Ina jin takaicin wannan abu har yanzu in na tuna. In ya ƙi sha, ɗan kwankur ne mai ƙyama. In ya sha, ɗan kwankur ne marar kunya. Tsohon ba fura yake aunawa ba, kuma duk abin da yaron zai yi da ƙwaryar nan an riga an san sunan da za a ba shi.

A cikin gida Malam Altine ya kira 'yarsa gaban mahaifiyarta.

"Ba zan yi miki dole ba, ban yi wa kowa ba. Ga Abdul Razak mai kai shanu kasuwar Maigatari, ya aiko sau biyu, yaro ne da ya san inda ake ajiye takalmi. In kin so shi, to. In ba ki so shi ba, ki kawo wani. Amma bakin nan nawa ba zai ce na ba ɗan kwankur ba. Sun ɗauke mini ɗaya, ba zan miƙa musu na biyu da hannuna ba."

Salima ta yi kuka har idonta ya kumbura. Abdul Razak ba mugu ba ne, ko kusa, yana da fara'a da haƙuri, kawai dai ba shi take so ba. Da ta share hawaye sai dabara ta zo mata. Ta ce bari ta nemi shaida daga inda Baba ba zai zata ba. Ta rubuta wa Labaran ta roƙe shi ya bincika mata halin wani Ubaidullah ɗan Mallawa a tsohuwar makarantarsu. In yabo ya fito daga can, ko Baba bai ce komai ba, Inna za ta samu abin kamawa.

Amsar ta zo ana cin tuwon rana. Wayar na ƙara, Malam Altine ya ga yadda ta zabura, ya gane.

"Shi ne? Karanta."

Da saurinta ta buɗe ta fara da ƙarfi, ba ta tsaya ta duba ba.

"Ƙanwata, na tambaya. Sun ce babu ɗan Mallawa a makarantar. Akwai dai wani Ubaid, yaro mai ƙoƙari, amma shi ɗan birnin Damagaram ne, haka yake gaya wa kowa tun da daɗewa. Ki gai da su Inna."

Muryarta ta mutu a kan kalmar ƙarshe. Malam Altine bai ce a maimaita ba, karo na farko ke nan. Ya wanke hannu ya tashi. A bakin ƙofa ya ce, "Wanda ya ɓoye garinsu, uban matarsa zai nuna?"

Ta tura wa Ubaidu saƙon yadda yake, ta ƙara layi ɗaya a ƙasa.

"Gaya mini ƙarya ne."

Bai rubuta ba, ya zo da kansa ya tsaya a bakin rumfa, bai zauna a benci ba.

"Gaskiya ne, Salima."

"Me Mallawa ta yi maka?"

"Ba ki san can ba. Satin farko na ce daga Mallawa nake, kan iyaka. Wani ya ce, au, 'yan esans, masu sayar da fetur a kwalba. Daga ranar sunana ya koma Naira. In na shigo aji sai a ce lita nawa yau. In na yi magana a ce ga Hausar Kano ta iso, wai mu ba 'yan ƙasar nan ba ne sai ranar zaɓe. In na ci jarrabawa a ce fasa-ƙwaurinta na yi. Da sababbi suka zo sai na fara cewa Damagaram, a hankali aka manta." Ya ɗago ya dube ta. "A can ni baƙauye ne ɗan kan iyaka, a nan ni ɗan kwankur ne. Ban san inda zan tsaya a ce ni ne ba."

"Na ji tausayinka," in ji ta, hawaye yana zuba a kan ɗinkin mutane. "Wallahi na ji. Amma ranar da aka ba ka labarin Yaya Labaran ka yi shiru, alhali ka san hanyarku ɗaya. In Babana ya zo ƙofarka da buhu a ka, me za ka ce?"

Ya buɗe baki zai rantse, sai ya ga ba shi da abin rantsuwa. Ya juya ya tafi.

Ya koma Yamai shekararsa ta ƙarshe. Wata tara Salima ba ta amsa masa ko saƙo ɗaya ba, ko da yake ba ta goge ko ɗaya ba. Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, rani ya zo ya wuce da zafinsa. Ta rame, ɗinkinta ya fara karkacewa har mata suna dawo da kaya. Abdul Razak ya aiko na uku, Malam Altine ya ce su dawo bayan noman farko su ji amsa, ita kuma ta ce wa Inna Ɗela in lokacin ya yi duk abin da Baba ya ce shi ke nan, ta gaji.

Shi kuwa Ubaidu, wata rana a wurin cin abinci wani sabon ɗalibi ya tambaye shi garinsu. Ya ce, "Mallawa, kan iyaka." Aka yi dariya, wani ya tuno da Naira, aka ƙara dariya, sannan kowa ya koma kan shinkafarsa. Abin bai kai minti ɗaya ba. Ya zauna yana kallon kwanonsa, yana tunanin shekara uku ya yi yana gudun wannan, kuma a kansa ya rasa Salima.

Daga nan ya shiga neman Labaran. Ya samu biron da yake aiki, wato ofishinsu, ya yi ta zarya har aka bar shi ya shiga. Ya tarar da mutum mai ƙiba da farar riga, mai kama da Malam Altine sak a goshi. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, Labaran ya tashi ya rufe ƙofa.

"Kana tsammani ban san abin da na yi ba? Kullum sai na ji muryarsa yana cewa ga saƙon. Na sha kaiwa tasha in dawo. Da wace fuska zan tsuguna a gabansa?"

"Da wannan ɗin, Yaya. Saƙonka sau biyu yake sa a karanta masa."

Labaran ya rufe fuska da hannu. Sau huɗu Ubaidu yana komawa, a na huɗun Labaran ya ce to, in ka gama ka karɓi difilom ɗinka mu tafi tare.

Ranar Ubaidu ya rubuta saƙon da ya fi kowanne gajarta.

"Telata, ranar Laraba zan iso Dungas da Yaya Labaran. Ba don a ba ni ke ba. Ko an ba wani, a bar tsoho ya ga ɗansa."

Salima ta karanta ta fashe da kuka, ta ruga ta karanta wa Baba da ƙarfi. Da yamma aka ga dattijon yana share ɗakin Labaran da kansa, ya fitar da buhunan da aka jibge a ciki, ya shimfiɗa sabuwar tabarma. Ya ce wa Inna Ɗela ranar Laraba a dama fura da nono mai kyau, kada a yi ƙwauron gero.

Ran Talata da asuba Ubaidu yana tashar Yamai da tikiti biyu a hannu. Aka loda kaya, aka kira sunaye, direba ya yi ham sau uku. Ya kira wayar Labaran, tana kashe. Ya roƙi direba minti biyar, aka ba shi, suka ƙare. Ya tsaya ƙafa ɗaya a mota ɗaya a ƙasa. Ya san in ya sauka a Dungas shi kaɗai, ya zama ɗan kwankur mai ƙyama, marar kunya, mai ɓoye garinsu, kuma maƙaryaci. Yana iya wucewa Mallawa ta wata hanya ba wanda ya gan shi. Ya shiga ya zauna kusa da kujerar da ba kowa, ya rubuta.

"Bai zo ba. Ki gaya wa Baba. Ki yafe mini."

Wannan saƙon Salima ba ta karanta shi da ƙarfi ba. Ta nuna wa Inna, suka dubi juna, suka dubi tsohon yana gyara ƙofar ɗakin da guduma. Inna ta ce ke gaya masa, ta ce Inna ke dai. Har gari ya waye ba wadda ta iya.

Ran Laraba tun hantsi Malam Altine ya sa rigarsa ta Idi ya tafi tasha. Duk motar da ta shigo daga Damagaram sai ya miƙe. Mutane suka gane, labari ya zaga, masu shayi da 'yan kabu-kabu suka bar abin da suke yi suna jira tare da shi. Salima tana hango shi daga rumfa, ta kasa taka keke.

Bayan azahar motar ta iso. Mata suka sauko, wani mai kaji ya sauko, sai Ubaidu. Dattijon bai dube shi ba, ƙofar motar yake kallo. Ya ci gaba da kallonta har yaron mota ya rufe ta.

Ubaidu ya tuɓe takalmi a cikin caɓin tasha, ya tsuguna a gaban kowa, wandonsa a cikin laka.

"Ina yini, Baba."

"Me ya ce?"

Da ya so, da ya ce aiki ne ya riƙe shi, yana gaisuwa, yana nan tafe da salla. Tsohon ma da zai karɓa, don yana neman abin karɓa.

"Bai ce komai ba, Baba. Bai zo tasha ba, ya kashe waya."

Malam Altine ya daɗe a tsaye. Ya kama gemunsa da hannu.

"Ka san in ka sauko kai kaɗai ba ka da sauran magana a gidana."

"Na sani."

"To me ya kawo ka?"

"Na san za ka zo tasha, Baba. Ban so motar ta tsaya a rasa wanda zai sauko ya gaishe ka ba."

Dattijon ya juya ya kama hanyar gida a hankali, rigar Idi tana jan ƙasa. Ya yi taku kamar goma, sannan ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Ɗauko takalminka."

A zaure ƙwaryar tana nan inda aka ajiye ta tun safe, sabuwa, da sabon faifai, furar da aka dama wa Labaran. Ubaidu ya tsuguna a inda ya saba. Malam Altine ya jawo ta, ya buɗe, ya tura masa gaba. Salima tana bayan ƙofar cikin gida ta dafe ƙirji, don ta san ko ya sha ko bai sha ba, an gama.

Ubaidu ya dubi furar. Bai miƙa hannu ba, bai kuma ce ya ƙoshi ba.

Sai dattijon ya dafa bango ya miƙe.

"Bari in duba awakin nan, tun safe ba a ba su ruwa ba."

Ya fita, ya ja ƙyauren zaure ya rufe.

Inna Ɗela ce ta fara ganewa, ta kama hannun 'yarta ta matse. Baƙo ake zama a kalla yana sha. Wanda ake tashi a ba wuri ya sha a ɓoye don kada ya ji kunya, suruki ne. Ubaidu ya ɗauki ludayi ya sha, hawayensa yana ɗiga a ciki. Ya rage saura a ƙwaryar kamar yadda ake yi, ya mayar da faifai.

Malam Altine da kansa ya je ya ba Abdul Razak haƙuri, shi kuma ya karɓa kamar ɗan halak, har ya zo ɗaurin auren. Bayan girbi aka ɗaura, a ƙofar zauren nan, mutanen Mallawa cike da mota biyu. Abokan ango uku suka zo daga Yamai, har da wanda ya raɗa masa Naira, suka tsuguna suka gai da tsofaffi, suka sha fura har suna neman ƙari, matan unguwa suna leƙe suna mamaki. A cikin kayan amarya Inna Ɗela ta saka zanen nan mai hoton kaji.

Ana shafa fatiha saƙo ya shigo wayar amarya.

"Telata, an ɗaura. Wannan ɗinkin ba ya sakewa."

Ta amsa tana dariya tana kuka.

"Na gaya maka tun farko, Mai Zane."

Wani saƙon ya biyo baya, daga Yamai. Ta fita da lulluɓinta ta samu Baba a bakin garken awaki, ta karanta masa da ƙarfi.

"Ƙanwata, Allah ya sa albarka. Ki gai da su Inna."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Ya ce, "Sake karantawa."

Ta sake. Ya gyaɗa kai, ya ɗora hannu a kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ke da mijinki. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. In kun haifa ku sa su lakwal, su yi karatu har inda ƙarfinsu ya kai, ban hana ba. Allah dai ya sa duk inda suka je su san hanyar dawowa."

Ta ce amin. Da yamma aka kai amarya Mallawa da guɗa. Ɗakin Labaran kuwa ba a mayar da buhunan ciki ba, tabarmar tana nan a shimfiɗe, kuma duk ranar Laraba Malam Altine yakan share shi da kansa.